Jijiyar da Nake Mayarwa da Yatsa

Matameye, ranar Laraba

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ko da yake gida ɗaya muka kwana, kuma ko da safen nan ka durƙusa daga nesa ka gaishe ni na amsa. Allah ya raya ka, ya tsare ka a gida da daji, ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan ta haɗu wuri guda. Shekara ashirin da uku ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na dube ka na yi maka doguwar magana ba. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi. To amma ran Asabar za ka bi abokanka Kano cin rani, kuma akwai maganar da in na bar ta a cikina ka tafi, ba zan yafe wa kaina ba. Baki ya kasa, shi ya sa na ɗauki alƙalami da ɗan bokon da na koya a karatun manya. Na ba Baffanka Idi ya miƙa maka hannu da hannu. Ka karanta ta yau, kafin ka ɗaure kaya.

Yau kwana tara ke nan da ka diro daga saman motar rake a Dungu, ka dawo gida kana jan ƙafa. Ka ce wa innarka targaɗe ne, ta dafa ruwa ta gasa maka, kumburin ya ɗan sace, ka ci gaba da harkarka. Ni ma da farko na so in yarda targaɗen ne. Sai ran Juma'a, ina sahun baya a kan kujerata, kai kana sahun da ke gabana. Da liman ya yi kabbara za a miƙe raka'a ta biyu, na ga hannunka ya sauka, babban yatsanka ya danna bayan idon sawunka na dama, ta waje, ka tura wani abu baya. Cikin ƙiftawar ido ka yi shi, kana zaton ba mai gani. Ban san yadda na ƙarasa sallar nan ba. Wannan motsin hannu nawa ne. Shekara takwas na yi ina yin sa, kuma ka san inda ya kai ni, tunda kullum kana ganin yadda nake takawa da gefen ƙafa.

Tun ranar nake juya maganar a raina. Kwana biyar ina kallonka kana wucewa, in buɗe baki in ce "Allah ya yi albarka," in rufe. Wannan shirun shi ne kuskurena na baya-bayan nan, kuma ina tsoron ya ci maka kwanakin da suka fi kowane muhimmanci. Kunya abu ce mai kyau, amma ran da kai ma ka haifi naka, in ka ga ramin da zai faɗa, ka ajiye ta ka yi magana. Sauran kurakuran nawa tsofaffi ne, bari in faɗa maka su yadda suka zo.

Kana goye a bayan innarka lokacin. Ina aikin rake a fadamar Dungu, ina ji da ƙarfi, irin mutumin da in ya ɗaure dami sai mutum biyu sun ɗora masa. Ran nan na ɗauko dami a ka, na iso magudanar ruwan da muke tsallakawa kullum. Akwai gungumen da aka gitta don a bi ta kai, amma yana can gaba kaɗan, ni kuwa na raina shi, na ce na tsofaffi ne. Na yi tsalle. Yatsuna suka sauka a bakin gaɓa, dunduniya ta zurma ƙasa, ƙafar ta lanƙwashe sama, na ɗaure jiki iya ƙarfina don kada damin ya faɗi. Nan take na ji "ƙas" a ƙafata. Har mutumin da ke bayana ya ji.

"Haruna, mi ya karye?" in ji shi.

"Rake ne," na ce masa.

Na san ba rake ba ne. Wani zafi ne ya kama bayan idon sawuna ya bi sama har cikin sharaɓa, idona ya kawo ruwa. Amma akwai 'yan Yauri a wurin, waɗanda muke gasar dami da su, na ga in na ajiye kayan nan sun samu abin faɗi har shekara ta zagayo. Na kai shi bakin mota, na koma na ɗauko wani, na ƙara wani. Kafin la'asar ƙafar ta ƙi shiga takalmi. Babana, duk mutanen da na ji kunyarsu ran nan, yau ba ko ɗaya da nake iya tuna fuskarsa sosai, ni kuwa ga ni da ƙafar. In jikinka ya yi ƙara, ka sauke kaya a inda kake, ko da garin gaba ɗaya na kallonka.

Washegari aka ɗora ni a amalanke zuwa wurin wani mai ɗori, tsoho ne, Allah ya jiƙansa. Ba zan zage shi ba, don shi ya ɗora hannun Baffanka lokacin da ya faɗo daga kan kuka, kuma hannun ya yi kyau. Ƙashi ya sani, gadonsa ne. Ya lalube ƙafar daga gwiwa har yatsu, ya ce, "Yaro, gode Allah, ba karaya. Targaɗe ne ya shige ka." Ya sa mutum biyu suka danne ni, ya shafa man shanu, ya ja, ya murɗa, ya murza. Yana cikin murzawa na ji wani abu ya zame daga kan ƙashin ya koma baya, ya yi "ɗas". Tsohon ya yi murmushi.

"Ka ji ta ko? Ta faɗa gidanta."

Ya tofa, ya ɗaure da tsumma, ya ce bayan kwana uku in taka. Gaskiya ya faɗa, ta koma gidanta. Abin da ni da shi ba mu sani ba, ƙofar gidan ce ta ɓalle. Na taka a kwana na uku, a na biyar ta sake fita. Daga nan na je wurin wanzami, ya ce mataccen jini ne, ya yi mini ƙaho, ya yi tsaga. Tabon na nan, ka sha ganinsa in ina alwala.

Na ji innarka jiya tana cewa a kai ka wurin mai ɗori a murza maka kafin Asabar. Kada ka je. Ba raini ba ne, kowa da aikinsa, kuma wannan ba nasu ba ne. Murza da ja sai dai su ƙara yaga abin da ya riga ya yage. Ga yadda za ka bambance, ni da tsada na koye shi. Targaɗe a gaban idon sawu da ƙasansa yake ciwo, kuma kullum sauƙi yake ƙara yi. Wannan kuwa a bayan ƙashin yake zaune, ya bi sama, yana zuwa da ƙara da tsalle, kuma in ka taka ƙasar da ba daidai ba sai ka ji ƙafar na neman kuɓuce maka. Ka sa hannu ka taɓa naka, ka gaya wa kanka gaskiyar inda yake.

Bayan wata biyu, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na je likita, wato asibitin nan garin. Suka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi. Majo, babban masu jinyar wurin, ya ɗaga hoton a hasken taga ya duba, ya ce, "Ƙashinka lafiya lau. Amma wannan tsallen da kake faɗa na jijiya ne, jijiya kuwa ba ta fitowa a irin wannan hoto. Zan rubuta maka takarda ka tafi Damagaram su duba." Magana biyu mutumin nan ya yi. Na ɗauki ta farko na zuba aljihu, na bar masa ta biyu a kan tebur. Takardar da ya rubuta ta yi ta yawo a ɗaki har aka ƙunshe kanwa da ita. Hoton kuwa na adana shi a ƙasan akwati, duk wanda ya ce in nemi magani sai in ɗauko masa in ce, "Ga shi, likita ma ya ce lafiya." In ka je gaban wanda ya san abu, ka saurare shi har ya kai aya, musamman rabin da ba ka son ji. Kuma in aka yi maka radiyo aka ce ƙashi lafiya, kada ka yi hamdala ka miƙe, ka ce musu saura jijiya.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ba ni kunya. Sabawa na yi da ita. Na gane cewa in na ɗaga yatsu sama na karkata ƙafar waje, jijiyar za ta hayo kan ƙashin, ka gan ta a miƙe a ƙarƙashin fata, in danna da babban yatsa ta koma. Da farko da zafi, daga baya zafin ya ragu, na ɗauka warkewa ce. A Kano, inda nake dako da rani, har ta zama abin nishaɗi. A zauren da muke sauka, in an ci abinci an miƙe ƙafa, sai wani ya ce, "Haruna, fito mana da macijin nan naka." In fito da ita, in mayar, a yi ta ƙyaƙyata dariya, wani ya ce a kawo mini shayi. A gida ma haka na riƙa yi wa yara in sun taru, kai ma kana cikin masu kallo. Tun ran Juma'a nake tunanin a wurina ka koyi wannan danna yatsa, kuma a wurina ka koyi cewa abin dariya ne. In haka ne, alhakinka yana wuyana.

Ranar da ta yi tsanani kuwa, akwai ƙwayar da 'yan dako ke sha, mai kashe ciwo, ba ta da wuyar samu. In na haɗiyi biyu sai in saɓi buhu in haye matakala kamar ba ni ba. Ciwo ɗan aike ne, zuwa yake ya gaya maka akwai ɓarna, ni kuwa na riƙa toshe masa baki ina ƙara ɓarnar. Cikin abokan tafiyarka na san biyu suna sha, ba sai na kama suna ba. Ran da suka ga kana ɗingishi za su miƙo maka, kuma da zuciya ɗaya za su miƙo. Ka ce musu ubanka ya sha ta isa har ta 'ya'yansa.

Shekara huɗu ina wannan wauta, sai ran da ƙafar ta kayar da ni da buhun gero a tsakiyar kasuwa, sannan na tafi Damagaram. Likitan ƙashin da na samu ba mai yawan magana ba ne. Bai fara da na'ura ba. Ya zaunar da ni a bakin gado ƙafa na reto, ya tambayi yadda abin ya faru, ya latsa gaban idon sawu, ya latsa baya, yana kallon fuskata. Sannan ya dafa gefen ƙafar da tafinsa, ya ce in ɗaga yatsu sama in ture hannunsa waje. Na tura, jijiya ta yi tsalle ta hau ƙashi. Na yi dariya, don na saba a nan ake dariya. Shi bai yi ba.

"Tun yaushe take haka?"

"Shekara huɗu, likita."

"Sau nawa take fita a rana?"

"Yo wa ya ƙirga? Har da gangan nakan yi, yara na so."

Daga nan ya tura ni aka yi mini eko, irin hoton da ake yi wa mata masu ciki. Aka ɗora abin a bayan idon sawuna, ina motsa ƙafa suna kallon jijiyar a allo tana fita tana komawa. Ya ce akwai wani hoton da ya fi wannan, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura, in ana son a ga ko jijiya ta tsage, amma nawa ko ba shi ya ga abin da yake nema.

Bayanin da ya yi mini na riƙe shi kamar karatun allo. Ya ce, "Ka san itacen bakin rijiya, yadda igiyar guga ke cin sa ta yi kwari ta riƙa bi ta ciki? To jijiyoyi biyu ne ke saukowa daga sharaɓa ta waje, su bi ta wani kwari a bayan idon sawu, su shiga ƙafa. Su ke juya ƙafa waje, su ke riƙe ta kada ta turguɗe. Akwai wani tantani mai ƙarfi, kamar maɗauri, da ya rufe su a cikin kwarin. Ran da ka yi tsallen nan, ƙafa ta lanƙwashe sama, jijiyoyin suka fizga lokaci guda, maɗaurin ya ɓalle daga jikin ƙashi. Ƙarar da ka ji ke nan." Ya ce abin na samun 'yan balo, wato masu buga ƙwallo, da 'yan kokawa, da mai yawan targaɗe a ƙafa ɗaya, kuma wasu haka aka halicce su, kwarin nasu ba zurfi, abu kaɗan ke fitar da ita. Ban sani ba ko irin jinin gidanmu ke nan. In shi ne, ka yafe mini wannan gado.

Sai ya ƙara da maganar da ta tsaya mini a ƙirji: "Duk fitar da take yi, a kan kaifin ƙashi take gogawa. Wasan nan da kake yi wa yara, yanka ta kake yi da kanka, a hankali."

Na tambaye shi magani. Ya ce da na zo a kwanakin farko, da ya mayar da ita ya sa mini falatir, simintin nan na asibiti, daga ƙasan gwiwa zuwa yatsu, in yi kamar sati shida ban taka ba. Wasu maɗaurin na kamawa da haka, wasu ba ya kamawa sai an yi aiki, kuma matashi mai aikin ƙarfi sau da yawa aikin suke zaɓa masa tun da fari. Amma nawa ya wuce siminti, sai fiɗa. Za a buɗe a ɗinke maɗaurin a jikin ƙashi, a ƙara wa kwarin zurfi in akwai bukata. Bayan nan siminti, bayan siminti a koya wa ƙafa motsi a wurin masu gashin ƙashi, a yi watanni kafin in sake ɗaukar kaya. Ya ce jijiyar ta fara cinyewa amma ba ta ƙare ba, in an yi yanzu akwai fata.

"Likita," na ce, "hadari ya fara haɗuwa a gabas. Wa zai yi mini shuka? A bari sai bayan kaka."

"Kaka tana dawowa kowace shekara, Malam Haruna. Jijiya ba ta dawowa."

Na yi masa godiya na fito. Yau zan faɗa maka gaskiya, ba shuka ce ta hana ni ba, Idi zai iya yi mini. Tsoron wuƙa ne, da tsoron a ce Haruna yana kwance mace na ci da shi. Kaka ta zo na ce sai an gama rake. Rake ya ƙare na ce sai na dawo cin rani. Na dawo, hadari ya sake haɗuwa. Haka na ci kaka huɗu, kowace da hujjarta, kuma kowace hujja in ka ji ta sai ka ce mai hankali ne ya kawo ta. Talaka ba ya rasa aikin da ke jiransa, saboda haka in ka ce sai ka samu sarari za ka nemi magani, ka riga ka ce ba za ka nema ba.

To ga abin da nake so da kai. Kada ka jira Asabar. Gobe da safe Baffanka zai zo, ku fara biyawa likita nan garin a ba ku takarda, sannan ku je tasha ku shiga motar Damagaram, ba ta Ɗan Barto da ke hanyar Kano ba. Daga yanzu zuwa can kada ka ɗauki ko bokitin ruwa, kuma kada ka gwada ta don ka ji ko tana nan. Tana nan. Sandata na jingine a ƙofar ɗakinka, ka dogara da ita, ni na lallaba da bango. In ka shiga wurin likita ka faɗa masa yadda ka diro, da ƙarar da ka ji, da sau nawa ta fita, da cewa kana mayar da ita da yatsa. Kada ka rage komai don a ce kai namiji ne, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sun ce siminti, ka zauna sati shidan nan cif, kada ƙaiƙayi ko zaman banza ya sa ka fasa shi. In sun ce fiɗa, ka sa hannu. Abin da za a kashe ba damuwarka ba ce, tawa ce. Ban yi maka alkawarin ƙafa za ta koma kamar da ba, wannan na Allah ne, likita ma ba zai yi maka ba. Amma kwana tara ba shekara takwas ba ne.

Na san abin da ke jan ka Kano. Ina ganin ɗakin da ka fara ginawa ya kai linta ya tsaya, kuma na san iyayen yarinyar nan da kake nema sun ce biki sai bayan damina. Na san abokanka za su dawo da sababbin kaya kai kana zaune da sanda, kuma za a yi magana, garin nan ba ya rasa masu magana. Ka bar su su yi. Rani guda za ka rasa. Ni yau rani goma sha huɗu ke nan ban saɓi buhu ba, ban shiga fadama ba, ina zaune a inuwa ina sayar da raken da wasu suka yanko. In yarinyar ta kirki ce za ta jira mai lafiyar ƙafa, in ba ta jira ba ka huta.

Ka san an yi mini aikin daga baya, kana da shekara tara, ka ga an shigo da ni gida da sanduna biyu. Ka kuma san bai yi abin da ake so ba. Da suka buɗe, sun tarar jijiya ɗaya ta tsattsage kamar tsohuwar igiya, suka yanke wurin da ya lalace suka haɗa ragowar da 'yar'uwarta. Gaɓar kanta ta riga ta cinye saboda yawan turguɗewa da faɗuwa. Sun yi iyakar yinsu, ban ga laifinsu ba. Tsallen ya daina, ƙarfin bai dawo ba. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya mayar da ni wurinsu, domin mutanen garin nan sun rufa mini asiri, ni kuma ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba.

Ranar da mai sunanka ya rasu, da hantsi aka yi masa salla a ƙofar gida. Ni ne babba, na kama makara ta gaba a dama, Idi a hagu. Kafin a ɗaga ya matso ya raɗa mini, "Yaya, ƙafarka fa. Bari wani ya kama."

"Ubana ne," na ce masa.

Ka san hanyar maƙabarta, wurin da ruwa ya zaizaye ya bar gangare da yashi. Muna sauka nan na ji ta fita. Hannuwana biyu na kan makara, ba wanda zan kai ƙasa in danna. Na yi taku ɗaya a kanta haka nan, ina roƙon Allah a zuci. A na biyu ƙafar ta turguɗe, na zube a gwiwa. Makara ta karkata, tabarmar da aka rufe shi da ita ta zame, ya sulalo ta gefena. Idi ya kai hannu ya cafko shi, amma kafaɗarsa da gefen kansa sun riga sun taɓa ƙasa. Da idona na ga yashi a jikin likkafanin ubana.

Jama'a suka ɗauki salati. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi mini sauƙi. Liman ya sunkuya ya karkaɗe likkafanin da hannunsa, aka gyara shi, aka rufe. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, yadda ba kowa zai ji ba, "Haruna, koma baya." Na koma baya. Na bi gawar mahaifina ina ɗingishi a cikin 'yan rakiya, wani baƙo na riƙe da hannuna. Da aka zo sa shi, Idi ne da wani maƙwabcinmu suka shiga kabarin. Ni ina tsaye a sama da ƙafa ɗaya, ina kallon ana yi masa abin da ni ya kamata in yi.

Ana gama sadakar bakwai na shiga motar Damagaram da kaina, ba wanda ya roƙe ni. Likitan ya gane ni. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ce, "Ka zo." Wannan kaɗai ya ishe ni.

Babana, ban tara maka dukiya ba, kuma tun da aka haife ka ban taɓa roƙonka komai ba. Yau ina roƙo. Ni ma tawa ranar tana tafe, kuma ba ta da nisa kamar da. Kai ne babba, kai za a tura gaba, hanyar nan kuwa ba wanda ya gyara ta, gangaren na nan da yashinsa. Ina so ka kai ni har can ba tare da an dafa ka an ce ka koma baya ba. Ina so hannunka ne zai kwantar da ni. Je ka gyara ƙafar da za ta ɗauke ni.

Allah ya kai ku Damagaram lafiya, ya haɗa ka da likita mai tausayi, ya sa waraka a hannunsa. In ka warke ka tafi Kano ko duk inda abincinka yake, da albarkata da ta innarka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare hawanka da saukarka, ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka biyu. Allah ya sa kai za ka binne ni, ba ni zan binne ka ba.

Mahaifinka,
Haruna